Katangowa: Kasuwar Da Kuɗin Riga Ke Faɗuwa Tare Da Rana

Matafiyin da ya shiga mota a Oshodi, cikin birnin Ikko, ya bi babban titin da ya nufi Abekuta, zai wuce gefen Ikeja da Dopemu da Iyana Ipaja, kana ya zo Ile Epo inda manyan motocin Arewa ke sauke kayan abinci. Gaba kaɗan, kafin a kai gadar sama ta Abule Egba wadda aka buɗe a 2017, akwai wata tasha da ake kira Super. In ya sauka nan ba ya bukatar tambayar kowa hanya. Ya dai bi bayan matan da ke riƙe da manyan jakunkunan leda a naɗe, babu kome a ciki, suna sauri kamar masu gudun kada jirgi ya tashi ya bar su. Ƙarshen saurin nan nasu shi ne kasuwar Katangowa, wadda waɗansu ke kira Katangua, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin kayan gwanjo na ƙasar nan.

Kalmar gwanjo ta girmi kasuwar nesa ba kusa ba, kuma asalinta ba tufafin da aka taɓa sawa take nufi ba. Gwanjo a da shi ne a tara kaya a fili, a kaɗa ƙararrawa, jama'a su yi ta tayi, wanda ya fi kowa sa kuɗi ya ɗauka. Baturen da wa'adin aikinsa ya cika zai koma gida, ba ya iya ɗaukar kujeru da tukwane da gado zuwa Ingila, sai a yi gwanjonsu. Haka kuma manyan kantunan kamfani, irin su Kingsway wanda kamfanin UAC ya buɗe a Ikko a 1948, da Leventis, da UTC, sukan ware waɗansu kwanaki su karya kuɗin kayan da suka kwanta musu, don su sami wurin jera sababbi. Dattawan ma'aikata na Kaduna da Kano ba su manta da irin waɗannan ranaku ba, lokacin da akawu zai yi wata uku yana leƙen takalmi ta gilashi, yana jiran ranar da za a soke kuɗin da jan alƙalami. To, waɗannan kantuna sun durƙushe bayan da aka karya darajar Naira a 1986, waɗansu baƙin da suka biyo bayansu su ma ba su daɗe ba, gama Woolworths ya tattara ya bar Nijeriya a 2013, Mr Price ya bi sahu a 2020. Amma ɗabi'ar jiran ranar araha ba ta mutu ba. Ta dai fito daga cikin kanti mai fanka, ta sauko ƙasa bisa shimfiɗar buhu.

Yana da kyau mai karatu ya san irin tafiyar da riga take yi kafin ta iso wannan shimfiɗa, domin a cikin tafiyar ne asirin araharta yake. A ƙasashen Turai da Amurka kantuna ba sa barin kayan wata kaka su kai wata. Kashegarin Kirsimeti, watau ran 26 ga Disamba, da cikin watan Janairu, da kuma ƙarshen lokacin zafinsu, sai su yi ta rage kuɗi, yau a cire kashi ɗaya cikin huɗu, jibi a cire rabi, har dai a share kanta. Abin da mutane suka saya suka sa suka gaji da shi, sai su zuba a akwatunan da ƙungiyoyin agaji ke ajiyewa bakin titi. Ƙungiyoyin nan kaɗan suke iya sayarwa a shagunansu, saura sai su sayar wa kamfanoni da awo. Can ne ake tsince kayan, rigunan maza dabam, na mata dabam, na yara dabam, labule da zanen gado da tawul dabam, a kasa su lamba ɗaya da lamba biyu da na ƙasa, sa'an nan inji ya danne su ya ɗaure da ƙarfe. Wannan ƙunshi shi ne dila. Akwai mai nauyin kilo 45, akwai mai 55, har da mai 100. A cikinta akan tarar da rigar da ko sau ɗaya ba a sa ba, takardar kantin tana rataye a wuyanta da kuɗi biyu ko uku a rubuce, kowane an soke shi an rubuta na ƙasa da shi. Watau an riga an yi gwanjonta a London ta ƙi sayuwa, shi ne aka turo ta Ikko a sake gwadawa.

Abin mamaki, bisa ga takarda wannan dila ba ta da izinin shigowa Nijeriya. Shekara da shekaru ke nan tufafin gwanjo suna cikin jerin kayan da hukumar kwastan ta haramta shigo da su, da nufin kare masaƙun gida. Saboda haka yawancin jiragen ruwan da ke ɗauke da su a Kwatano da Lome suke saukewa. A Kwatano akwai kasuwar Missebo inda fataken Ibo suka daɗe da kafuwa cikin wannan sana'a, musamman mutanen Abiriba waɗanda aka san su da ita tun kafin yaƙin basasa. Mutanen Kudu ma suna kiran kayan da sunan Okrika, wani gari na bakin ruwa kusa da Fatakwal, inda ake cewa ta nan suka fara shigowa. Daga Kwatano sai dila ta kama hanyar dare, ta iyakar Seme ko ta Idiroko. Wanda ya dubi taswira zai ga cewa titin da ya wuce gaban Katangowa shi ne ya miƙe zuwa Sango Ota, daga can kuma hanya ta ratse zuwa Idiroko. Ba banza ba kasuwar ta zauna inda ta zauna. Lokacin da Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, kuɗin dila ya tashi, amma ba a taɓa wayar gari aka ga kasuwar babu kaya ba. Mai hankali ya san abin da wannan ke nufi.

Kasuwar tana ci kullum, amma ranakun da aka fi sani da yanka sababbin diloli su ne Litinin da Laraba da Jumma'a. A irin waɗannan ranaku, tun kafin ladanan unguwar su kira assalatu an fara taruwa. Mai dila yakan tsaya da reza ko almakashi a hannu, mutane sun kewaye shi, kowa ya haska fitilar wayarsa. Da ya tsinke ƙarfen nan, kayan da inji ya danne sai su kumbura su baje, wani wari na maganin da ake fesa musu ya tashi, wanda duk wanda ya taɓa shiga kasuwar gwanjo ba ya mance shi. Daga nan sai wawa. Hannu goma kan riga ɗaya, wannan ta ja wuya waccan ta ja hannu, ana yi da Yarabanci da Ibo da Hausa da Turancin buroka gaba ɗaya. Ba a tsayawa duba abu a wannan lokaci. Duk abin da hannu ya taɓa ya ji laushinsa, sai a saɓa a kafaɗa, in ƙura ta lafa a zauna a tantance.

Sai dai fa waɗannan na sahun farko ba su ne suka fi kowa samun araha ba. Su ne ma suka fi kowa biya. Yawancinsu masu shaguna ne a Ikeja da Surulere da Lekki, ko kuwa 'yan matan da ke talla ta Instagram da WhatsApp. Sukan yi yarjejeniya da mai dila tun daren jiya cewa su ne za su yi zaɓen fari, shi kuwa ya tsuga musu kuɗi, domin daga hannunsu yake so ya fid da uwar kuɗinsa. Su kuma su kai gida su wanke, su yi guga, su rataye a maratayi ƙarƙashin fitila mai kyau, kuɗin ya ninka sau uku ko huɗu. Sau da yawa macen da ke rantsuwa ba ta taɓa taka Katangowa ba, kayan Katangowa ne a jikinta, ta dai biya ladan wanki ne da tsada.

Da hantsi ya yi, zaɓen fari ya wuce, sai kasuwa ta canza fuska. Abin da ya rage sai a zube shi a ƙasa, mai kaya ya hau bisa benci yana kaɗa ƙararrawa yana kiran kuɗi ɗaya ga kome da ke cikin tulin. A nan ne ake yin abin da mutanen Ikko suka yi wa laƙabi da duƙa-ka-zaɓa, gama babu mai saye a tsaye. Wajen azahar kuɗin ya sauka. Bayan la'asar ya sake sauka. In magariba ta kawo jiki, mai kaya yana tunanin kuɗin ɗan dako da na ajiya, kuma ya san jibi sabuwar dila za ta zo ta kashe wa wannan kasuwa, sai ka ji yana kiran uku a kuɗin ɗaya. Saboda haka riga guda tana da kuɗi huɗu ko biyar a yini guda, ba kuwa don ta canza ba. Mai saye ne zai zaɓi inda zai tare ta. In ya yi sammako ya sami mai kyau ya biya da yawa, in ya yi jinkiri ya biya kaɗan ya ɗauki abin da idanu ɗari suka gani suka ƙi. Gwanayen kasuwar su ne waɗanda suka san cewa idanu ɗarin nan sukan yi kuskure, su kuma suna da haƙurin tone tuli har ƙasa.

Hausawa suka ce araha ba ta ado, kuma Katangowa tana da hanyoyi da yawa na tabbatar da wannan magana ga baƙo. Duhun asuba abokin mai sayarwa ne. Tabon da fitilar waya ba ta nuna ba, rana za ta nuna shi a gida. Wanda ya saba yakan juya riga ciki waje, ya dubi hammata da wuya da bakin hannu, ya ɗaga ta sama ya ga ko haske zai ratsa ta wata ƙaramar huda. In wando ne ya ja zip sau biyu, ya dubi tsakanin cinyoyi inda yadi ke fara cinyewa. Babu ɗakin gwaji, don haka mata sukan zo da igiyar awo ta tela, maza kuwa su naɗa ƙugun wandon a wuyansu, wai in ya zagaye wuya daidai to zai zagaye ƙugu. Abin da aka biya aka bar wurin da shi kuwa ya zama na mai shi, babu mayarwa.

Akwai kuma wani abin dariya da ya bayyana a 'yan shekarun nan. A da mai gwanjo ke ƙoƙarin nuna tsohon kaya kamar sabo. Yanzu kuwa, da yake jama'a sun yi imani cewa rigar da Bature ya sa ta fi sabuwa mai araha ƙarko, sai ga shi ana ɗauko sababbin kaya marasa aminci, a yamutsa su, a cusa cikin tulin gwanjo don su ari darajarsa. Sabo ne ke ɓuya a bayan tsoho. Masu ido sukan gane su ta ɗinki, da kuma ganin riga iri ɗaya, launi ɗaya, har guda biyar cikin tuli ɗaya, abin da ba ya faruwa a dilar gaskiya.

Shi ma mai dilar ba a kan gado yake kwance ba. Ba a yarda ya buɗe dila a Kwatano kafin ya biya, abin da aka rubuta a jikinta kawai zai gani, da sunan kamfanin da ya ɗaure ta. Ya kan yanka ya tarar da alheri, ya kan kuma yanka ya tarar rabinta tsumma ne. 'Yan kasuwa suna kukan cewa kayan Turai na yanzu ba su kai na da ba, gama can ma an koma ɗinka tufafi masu araha waɗanda ba a yi su don su daɗe ba. Ga shi kuma da sefa ake sayen dila, sefa kuwa tana ɗaure da kuɗin Turai. A farkon watan Yuni na 2023 Dala ɗaya tana wajen Naira 460 a farashin gwamnati, kafin ƙarshen Fabrairu na 2024 ta haura 1,500. Tallafin man fetur ma an cire shi ran 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya tashi. Duk wannan a kan rigar yaro ya sauka. Gwanjon da aka sani da rufin asirin talaka ya zama abin da talakan ke tayawa ya juya, alhali kuwa ma'aikacin banki da malamar makaranta, waɗanda a da suke jin kunyar a gan su a nan, yanzu su ne ke duƙe a gefensa.

Ɓangaren kayan gida ya fi na tufafi natsuwa, ko da yake tarkonsa ya fi zurfi. Akwai labule masu nauyi da suka fito daga gidajen ƙasashen sanyi, da zannuwan gado, da barguna, da tawul, da dardumar ɗaki. Akwai tukwanen ƙarfe masu kauri waɗanda za su yi shekara ashirin suna aiki, da faranti da cokula waɗanda ba safai ake samun shida iri ɗaya ba. Uwar da ke haɗa wa 'yarta kayan ɗaki takan yi wata da watanni tana zuwa, yau ta sami murfi, wani mako ta sami tukunyar da ya dace da ita. Inda ake kuka shi ne wajen kayan lantarki. Wutar Nijeriya ƙarfinta 230 ne, ta Amurka da Kanada kuwa 120. Injin markaɗe ko dutsen guga da aka yi don Amurka, in aka soka shi a bango kai tsaye ba tare da na'urar rage ƙarfin wuta ba, ƙara ɗaya zai yi sai hayaƙi. Mai sayarwa ya sani, amma ba kullum yake faɗa ba, sai an tambaya. Saboda haka mai wayo yakan juya gindin abin ya karanta lambar da ke rubuce, kuma ba ya biya sai an tayar da janareta an gwada a gabansa. Tsofaffin firji da na'urorin sanyaya ɗaki su ma suna cikin jerin haramtattun kayan kwastan, amma dai ana ganinsu a kasuwannin birnin, kamar yadda ake ganin rigunan.

Bahaushen da ya zo daga Arewa ba zai ji baƙunta a Katangowa ba. Agege tana nan kusa, inda Hausawa fataken goro da na shanu suka kafa zango tun zamanin da aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, wadda ta isa Kano a 1911. Cikin kasuwar akwai masallatai, akwai mai shayi da mai tsire, akwai layukan da in mutum ya rufe ido zai ce a Ƙofar Wambai yake. A nan ciniki yana da ladabinsa. Mai saye ya yi sallama, a gaisa, a tambayi gida, kana ya ɗaga abin da yake so.

"Alhaji, wannan fa nawa?"

"Hajiya, taya mana. Ai ke ta gida ce."

Ta taya rabin abin da ta san zai kira. Ya girgiza kai ya ce, "Albarka. Ko uwar kuɗin ba ki kai ba." Ta ajiye ta yi kamar za ta wuce, ta yi taku uku. In ya bar ta ta tafi, to, lalle tayin ya yi ƙasa. In kuwa ya ce, "Dawo, Hajiya, ƙara wani abu," to ta san ciniki ya faɗa, saura neman gyara, ko da safar yara ce ƙafa ɗaya.

Fataken Arewa kuwa suna da wata dabara da ta fi ta kowa. Dilolin Turai cike suke da kayan sanyi, manyan riguna masu auduga a ciki, da suwaita, da huluna, da safar hannu. A Ikko, inda mutum ke gumi ko da tsakar dare, waɗannan kaya ba su da masoyi in ban da 'yan acaba da masu shirin tafiya Turai. Su ne ke kwana a ƙasan tuli. To, tun cikin damina fatake ke bi suna kwashe su a kuɗin magariba, su ɗure a buhuna, su ɗora bisa motocin da suka kawo tumatir da albasa za su koma wayam. A ajiye su a Jos, da Kasuwar Barci ta Kaduna, da Ƙofar Wambai ta Kano, har hunturu ya kama cikin Nuwamba da Disamba. Ran da hazo ya sauka aka tashi da sanyi, rigar da aka yi ta roƙon a ɗauka a Katangowa ita ce ake layi a kanta a Bukuru. Wata ma ba ta tsayawa nan, sai ta ƙetare zuwa Maraɗi da Damagaram.

Ba za a ƙi faɗar ɗaya gefen ba. Motar da ta ɗauki buhunan nan zuwa Kaduna tana bi ta Kakuri, ta gaban katangun masaƙun da suka yi shiru. Kaduna Textiles, wadda aka buɗe a 1957, ta tsaya a 2002. United Nigerian Textiles ta rufe ƙofa a 2007, dubban ma'aikata suka koma gida. Masu masaƙu sun daɗe suna ɗora laifi a kan gwanjo da fasa-ƙwauri, kuma suna da gaskiyarsu, ko da yake rashin wuta da tsadar baƙin mai da atamfar Sin mai araha sun yi ɓarnar da ta fi ta dila. Abin lura dai shi ne dokar da aka kafa don kare masaƙun tana nan daram a takarda, masaƙun kuwa sun tafi, kuma tsofaffin ma'aikatansu a gwanjo suke yi wa jikokinsu kayan Salla.

Ita ma kasuwar ba ta da tabbacin wurin zamanta. Birnin Ikko ba ya barin mai shimfiɗa a ƙasa ya daɗe a wuri mai daraja. 'Yan gwanjon Yaba sun gani. Bayan gobarar kasuwar Tejuosho a Disamba 2007, aka sake gina ta aka buɗe a 2014 da shaguna masu tsadar da yawancinsu ba su iya kamawa ba, suka koma bakin layin dogo, daga can ma aikin sabuwar hanyar jirgi ta Ikko zuwa Badun, wadda aka buɗe a 2021, ya tashe su. Game da Katangowa kuwa, tun 2017 gwamnatin jihar ta ba da sanarwar cewa nan za ta mayar da kasuwar kwamfuta da wayoyi ta Ikeja. Shekaru suka yi ta wucewa ana jan maganar, 'yan gwanjo suna kasuwa da kunne ɗaya a waje. Wannan ne ya sa ba kowa ke yarda ya kashe kuɗi ya gina shago mai ƙarfi ba, sai rumfar katako da kwano da laima. In ruwan Yuni ya sauko, layukan sukan zama taɓo har idon sawu, yara masu sayar da ledar ɗaurawa a ƙafa su yi ciniki, masu kaya kuma su yi ta rige-rigen jan tamfol. Da ruwan ya ɗauke sai a yaye, mai ƙararrawa ya koma bisa bencinsa, ya kira kuɗin da ya fi na ɗazu sauƙi, gama kayan sun jiƙe.